Baba Dhanraj Bai Shiga Ƙidaya Ba

Litinin, 5 ga Nuwamba 1990

Sabon aiki a unguwar Queens, jirgin ƙasa biyu daga Tremont inda nake zaune. Tsohon Ba'indiye ne, Baba Dhanraj, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, amma bakin nan lafiya lau. Ɗansa Prakash ne ya ɗauke ni in kula da shi. Tambayar Baba ta farko wai mutum nawa ne a ƙauyenmu. Na ce oho. Ya ce abin kunya ne. Ji min tsoho!

Laraba, 12 ga Disamba

Ashe malamin makaranta ne a ƙauyensu, kuma sau uku gwamnati tana ba shi aikin ƙidaya. Mutum 412, sai 377, sai 301. Ina yi masa wanka yana jero min gidaje, maza nawa, mata nawa, wa ya tafi birni. Dokarsa ɗaya: inda kake zaune nan ake rubuta ka. A ƙidayar ƙarshe Prakash ya riga ya taho nan, uwarsa ta yi kuka Baba ya sa sunansa, ya ƙi. Da alfahari yake faɗa.

Watan Fabrairu za a sake ƙidaya. So yake a kai shi gida ta same shi a can.

Juma'a, 18 ga Janairu 1991

Likita ya ce ba zai iya hawa jirgin sama ba. Prakash ya kasa faɗa masa, ni aka bar wa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Baba ya ƙi cin abinci. Ya sa na rubuta wa tsohon ɗalibinsa Mohan, wanda ke ƙidayar bana, cewa ɗakinsa na nan, gonarsa na nan, a taimaka a sa sunansa. Sau biyu ya ce in goge kalmar "taimaka", sau biyu ya ce in mayar.

Talata, 26 ga Maris

Amsa ta zo. Na fara karantawa ni kaɗai a kicin. Mutum 238, rabi tsofaffi, jarirai huɗu kacal. Gidan Baba an rubuta shi a rufe. Mohan ya ba da haƙuri har sau uku.

Allah ya sani na shirya ƙarya. Wa zai tona ni? Amma da na zauna gabansa sai na karanta yadda take.

Sannan ya ce, "Ya yi daidai. Ni na koya masa."

Ya ce in juya shi ya fuskanci bango. A banɗaki na yi kukana.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Baba bai ƙara jero gidaje ba. Yana ci in na matsa.

Yaya Yonatan ya bugo daga Jos bayan sujada. Ikilisiyar ƙauyenmu na sabunta littafin membobi, Mama ta ce lallai a sa ni, ai baɗi zan dawo. Shekara shida ke nan ina ce mata baɗi.

Na ce masa masu zuwa sujada a can za a rubuta. Ya ce to me zai gaya wa Mama. Na ce layin ba kyau, ba na jin sa.

Layin ƙalau yake.