Faɗan Shukar Barkono

Zuwa ga uwar gidana, 'Yar Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, don babu ayarin da ke bin hanyar da kika bi. Ko da kina raye ma, cewa za ki yi in daina ɓata takardun mutane, in buɗe baki in yi magana kamar kowa. Takardun ma guntaye ne da suka rage cikin waɗanda malamai ke kawo mini in ɗinke musu layu. Na ajiye basilla da fata yau, na ce bari in ba ki labarin gida, tunda ke ba kya son a yi abu a bayan idonki.

Birni yana nan yadda kika bar shi, sai dai ganuwar da sarki ya sa a ɗaga ta yi tsawo, har ba a hango duwatsu daga ƙofar gidanmu. In aikin ya zagayo kan unguwarmu, ɗanki Mamman ke zuwa ɗaukar ƙasa, ya dawo kamar an tono shi. Azbinawa sun sauka Zango da gishiri. Jar akuyarki ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta daina cin igiyar shanya ba. Zulai, matar Mamman, ita ke riƙe da tukunya. Yarinyar kirki ce, Allah ya sani, amma tana sa barkono a miya kamar mai tsoron kada ya ji ciwo.

Babban labarin kuwa na alkawarinki ne. Kin tuna cikin autarmu Binta yana ƙarami, ko ita ba ta tabbata ba, ke kika dube ta kika gane? Kin ce mata in ta zo goyon ciki, da barkononki za ki daka mata yajin jego, ba da na kasuwa ba. Kika tafi kika bar maganar a rataye. Yarinyar da za ta yi haihuwar fari a gidan da babu uwa, me zan iya yi mata ni baduku? Ban iya wankan jego ba, ban iya dama kunun kanwa ba. Na ce ko ba komai, wannan alkawarin ba zai faɗi ƙasa ba.

Ke kin san abin da barkonon nan yake a gidanmu. Da shi kika zo daga Dogo kina amarya, an jera shi a zaren kaba an naɗe cikin ƙwarya, tsiduhu ne ƙanana jajaye, wai irin kakarki. Ni ɗan Birni, ina ganin babu yajin da ban ci ba. Ranar da kika fara yi mini tuwo na kai loma ɗaya, na ji kunnuwana sun toshe, gumi ya karyo mini har cikin hula. Kina daga bakin ƙofa kina kallona ta wutsiyar ido. Na cinye tas don kada a ce mutumin Birni ya gudu, na ce miki ba laifi. Wannan ba laifin shi na yi ta faɗa miki har ƙarshen zamanmu, ban taɓa ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

To yau ki ji. Ban taɓa cin yaji irin naki ba, har da na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Yajin ƙulin da kike barbaɗa wa gasasshen nama, na daddawa da kike yi wa ɗanwake, duk ina son su. Amma wanda ya kama ni shi ne jajjagen nan na ɗanyen barkono da albasa da kike soyawa da man shanu, ki zuba a gefen akushi. Ranar dakan yaji kuwa unguwa duk ta sani. Ki ɗan soya citta da masoro da kimba a kasko, ki fasa gishirin kantu, ki jawo ƙaramin turmin da ba a daka komai a ciki sai yaji. Tanko maƙeri yana can bayan katanga yana atishawa yana tambaya ko an ƙone gidan ne, da yamma kuma ya aiko da batta a sam masa. Me ya hana ni in yaba miki tun kina ji? Girman kai ne na maza, ba wani abu ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa ganewa ba a zamanmu. Ke ba mai faɗa ba ce, amma kowace shekara, in bazara ta yi nisa ana jiran ruwa, sai wata safiya ki tashi da ni. Wata shekara kika ce warin jima ya cika miki ɗaki, bayan kin daɗe kina kwana cikinsa. Wata shekarar kika tono maganar takalmin da na ɗinka wa wata bazawara tun kafin a haifi Mamman. Ni kuma ba na barin ta kwana, in mayar miki, ki mayar mini, har idonki ya yi ja. Sai ki juya fuu, ki shige bayan ɗaki. Da yamma kuma in tarar da tuwo da jajjage, kina dariya kamar ba ke ba. Na ɗauka halin mata ne, na ce zo mu zauna zo mu saɓa.

Sai bayan rasuwarki na ji gaskiya, kuma ta hanyar ɓarna na ji ta. Ranar sadakar arba'in mata suka cika gidan ana girki. Barkono ya gaza, wata ta ɗaga kai ta ga zaruruwan barkonon da kika rataye a saman murhu, kunkunniya ta yi musu baƙi, ta sauke ta zuba a turmi. Ba ta san iri ba ne, 'yar Birni ce, ita barkono a kasuwa yake tsira. Ƙanwarki Kande ce ta shigo ta ga abin da ake yi, ta yi salati ta fizge zare ɗaya da ya rage. Ta kawo mini shi. Ta tuna mini cewa a Dogo irin ya ƙare tun shekarar da fara ta cinye gonaki, ita ma wurinki take karɓa. Wato duk duniya barkonon kakarku ya dawo abin da bai cika tafin hannuna ba.

Na ce mata ni zan shuka, a kominki na shuka da ke bayan ɗaki, ba zan bari ya bar gidan ba. Kande ta dube ni, duk da hawayen da ke fuskarta sai da ta yi dariya. Kin san bakinta a kaina. Ta tambaye ni ko da wa zan yi faɗan. A nan ta warware mini cewa a gidanku ba a shuka barkono da sanyin rai. Kakarku ta ce wanda aka shuka ana murmushi lami yake fitowa, sai mai shukar yana tafasa sannan zafin ke shiga ƙwayar. Mahaifiyarku da mahaifinku haka suka yi ta yi. Ashe ni itacen hura wuta ne a wurinki, 'Yar Dogo? Shekara da shekaru ina kare kaina a kan takalmin bazawara, ke kuwa irinki na ƙulle a bakin zane kina jira in ƙule ki!

Ban sani ba ko maganar kakarku gaskiya ce. Da na tambayi liman, cewa zai yi camfi ne. Amma iri ɗaya gare ni, shuka ɗaya, ba ni da na gwaji. Kande ta koma Dogo gyaran gona. Binta ba a ɓata wa mai ciki rai. Zulai kuwa ko kaza ta shiga tukunyarta haƙuri take ba ta. Ya rage saura ni.

Na gyara komin, na zuba toka da kashin awaki yadda nake ganin kina yi, na kewaye shi da ƙaya. Sannan na fita neman faɗa. Wallahi ban san faɗa yana da wuyar samu ba sai da na zama mijin marigayiya. Na je maƙera na ce wa Tanko wuƙar da ya ƙera mini ko kabewa ba ta yankawa, mutumin da in ka taɓa aikinsa sai an riƙe shi. Ya karɓa ya wasa, ya ce Allah ya ƙara mini haƙuri. Na dawo gida na ce wa Mamman ɗinkinsa na 'yan koyo ne. Ya sunkuyar da kai ya ce zai gyara. Na ture akushin Zulai na ce miyar ruwa ce, ta durƙusa ta ba ni haƙuri, har ni na ji kunya. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. A ranar na gane tun da kika tafi babu wanda ya ɗaga mini murya, kuma na yi kewar hakan fiye da yadda zan iya faɗa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, lokaci yana ƙurewa. Wata safiya na murje barkonon a tafin hannu, na tsuguna bakin komin, raina sanyi ƙalau, babu komai cikinsa sai baƙin ciki. Na ce to, sai dai a yi lami. Ina cikin haka idona ya faɗa kan guntun kaskon da kike ɗibar ruwa da shi, yana nan inda kika kife shi. Sai na tuna ranar da na same ki a nan kin dafa bango kina haki, kika ce mura ce.

Mura, 'Yar Dogo? Tun yaushe kike jin ciwon nan a ƙirji kina ɓoye mini? Kande ta sani, Binta ta sani, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ke sai da kika kasa tashi na sani. Kika yi ta shan romo da barkono kina cewa zai wuce. Da kin faɗa, ba sai in nemo mai magani ko a ina yake ba? Ko da bai hana kwana ƙarewa ba, ai da na zauna kusa da ke, da ban yi ta zaman rumfa ina ɗinkin sirdi ba. Kuma wa ya ce ki riga ni? Na girme ki nesa ba kusa ba. Ni na gama shirina cewa ke za ki rufe mini ido, ban taɓa shirin wannan ba. Duk wannan da ƙarfi na faɗe shi, ni kaɗai a bayan ɗaki. Na watsa irin ina faɗa, na rufe da ƙasa ina faɗa. Ban taɓa jin haushinki irin na ranar ba, ke kuma a karo na farko ba ki mayar mini ba.

Da na huce na yi alwala na yi istigfari, don na san ba ke kika zaɓi ranarki ba. Zulai ta ji komai daga madafi, amma har yau ba ta nuna ta ji ba.

Ya tsira. Na yi dashe da ruwa ya zauna, na yi ta yaƙi da kaji da akuyarki. Da kaka ya nuna jawur, na tsinka na shanya a kan soro. Ban ɗanɗana ba, tsoro nake ji. Binta ta zo goyon ciki, Kande ta biyo ta. Binta ta sauka lafiya, mace aka samu, mai dogayen yatsu irin naki, kuma sunanki aka raɗa mata. Kande ta jawo ƙaramin turminki ta daka yajin. Tanko ya yi atishawa a bayan katanga, daga baya na ji yana jan hanci, ban san ko na barkonon ba ne.

Ranar ƙauri aka dafa ƙafafun sa da yajin, aka kai wa Binta. Ina zaure, Kande ta fito ta same ni. Ta ce Binta ta kurɓi romon, ta ajiye ludayi, ta kira ki sau ɗaya, sannan ta ɗauka ta shanye duka tana hawaye tana shan yaji. Sannan Kande ta miƙo mini nawa a ƙoƙo. Na kurɓa, kunnuwana suka toshe. Kande ta rantse ko a hannunki bai taɓa yin zafin bana ba, ta tsare ni da tambayar wanda na yi faɗan da shi. Na ce mata ba ruwanta. Alkawarinki ya cika, 'Yar Dogo, ki kwanta da daɗi.

Na ware iri mai yawa, na ba Kande rabi ta kai Dogo, sauran na rataye da hannuna, na gargaɗi duk macen da ke shiga madafin. Saura abu ɗaya da ke damuna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Mutane suna cewa haƙuri yana zuwa da kwanaki, kuma na fara ganin alamarsa. Jiya na ɗauki takwararki na yi dariya har cikina. Ina tsoron bazarar da zan tsuguna bakin komin nan in nemi haushinki in rasa, in ga na yafe miki tafiyar da kika yi. Ban shirya ba tukuna. Don haka ki sani, baɗi ma da faɗa zan zo miki, kuma ni zan fara.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki ƙasa. Sai na zo.

Ni ne mijinki, abokin faɗanki,
Ilu baduku, na Birni.