Nononki Ba Shi da Laifi, Inna

Inna, gaisuwa da addu'a. Na san babu motar da za ta kai miki wannan takarda, amma ina zaune a barandar asibiti tun hantsi, in ban faɗa miki ba zuciyata za ta fashe.

Na haihu, Inna. Mace ce, Isa ya sa mata sunanki, muna ce mata Ummi. Yau kwananta goma sha tara, goma sha biyu daga ciki a nan muka yi su. Zawo ne, irin na ƙannena Habu da Ladidi da kika binne a Takieta tun ba su yi arba'in ba. Ta sha nono, ya fita kamar ruwa. Maɗigarta ta faɗa, ina kallo.

Kin san abin da na fara yi? Ruwan gishiri da sukari na haɗa mata, yadda kika yi wa Ladidi, yadda ake faɗa a rediyo. Ga sauran yara magani ne. Ga tawa 'yar, ashe wuta nake ƙara wa itace.

Lokotoron yara ce ta zaunar da ni, ta zana mini a bayan takardar magani. Wai a bangon hanji akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, su ke shigar da abinci cikin jini. Kowace ƙofa da siffarta, abin da ya zauna daidai a bakinta shi kaɗai take ɗauka ta wuce da shi. Sukarin nono da rabin sukarin shayi ƙofarsu ɗaya, kuma ta Ummi ta ɗan karkace tun a halitta. Sai su tsaya a hanji su janyo ruwan jikinta. Amma sukarin 'ya'yan itace siffarsa dabam, ƙofarsa dabam, tata kuma lafiya lau. Da aka cire ta daga nono aka sa mata ƙarin ruwa ta jijiya, washegari zawon ya tsaya cak.

Abin gado ne, kuma sai ya zo ta uwa da ta uba gaba ɗaya. Ke da Baba 'ya'yan wa da ƙane ne, ni da Isa ma haka. To me ya sa ke kaɗai aka ɗora wa?

Ina tuna ranar da Gwaggo Talle ta sa kika tatsa a ƙoƙo, ta jefa tururuwa, mata suka kewaye. Tururuwar ta mutu, aka ce nononki mugu ne. Wace tururuwa ce za a jefa a ruwa ba ta nutse ba? Shekaranjiya Gwaggon ta zo har nan da ƙoƙonta a jaka. Wallahi ban san lokacin da na karɓe shi na wurga bayan katanga ba. Isa ya ce na yi rashin kunya. To, na yi.

Amma ni ma ba wankakkiya ba ce. Ina 'yar shekara sha biyu kika hana ni zuwa biki Dakusa, na ce miki ai nononki ne ya cinye su Habu. Ba ki ɗago ba, kika ci gaba da tankaɗe. Har kika rasu ban nemi gafara ba. Kin yafe mini kuwa?

Yanzu madara muke jira, wadda aka yi da sukarin 'ya'yan itace. Duk Damagaram babu, daga Yamai za ta zo. An ce Alhamis, yau Asabar. Jijiyoyin hannun Ummi sun gaji, jiya a ka aka sa mata allurar. Isa yana tasha tun safe, duk motar da ta tsaya sai ya kira ni ya ce ba ita ba ce. In madarar ta zo Ummi ba ta karɓe ta ba fa? In gwangwanin ya ƙare kafin wani ya iso fa? Tsoro nake ji, Inna.

Ƙirjina ya cika yana zogi. Tana kuka, tana juyo da baki wajena, ni kuwa sai in fita in tatsa in zubar a gindin itacen bedi. Ke an ce miki naki ne ya kashe, kika tafi da wannan maganar a ranki shekara ashirin. Ni ko an gaya mini gaskiya, kuma duk da haka da ƙyar nake tsayuwa.

Allah Ya haskaka kabarinki. In kin ga su Habu, ki rungume su ba tare da fargaba ba.

'Yarki mai bakin nan,
Mariyama ta Kara-Kara