Kawu Ya Ce Da Sauƙi

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Maganar Kawu Sule ta hana ni sukuni. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake masa wanka kafin in tafi aikin tuƙi a Lusail, nan Qatar. Wani ɗan Zangon Gana ya ce ashe akwai tallafin hukuma na doguwar jinya, ta ofishin walwala na asibiti ake nema. Na yi ta zarya har suka turo mai dubawa.

Kin san Kawu. Ya sa na saka masa babbar riga da hula. Matar ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Wanka fa? Wai da kansa yake yi. Mutumin da cokali ke gagararsa! Ta yi murna, ta tafi.

Da ƙyar suka yarda ta dawo. Don Allah Inna ta kira shi, maganar yayarsa kaɗai yake ji. Ta gaya masa faɗin ciwo ba butulci ga Allah ba ne.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninki, Nura