Kada Ka Zana Ni da Ƙasar Kabarina

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Meraj Din, mai zanen fuskoki a Ƙofar Bhati cikin Lahore, nake barin wannan wasiyya ga 'ya'yana, Shahzeb da Nighat. Hannu ya soma rawa, huhu ya gaji, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Gida ku raba yadda shari'a ta ce. Ɗakin sama dai, inda nake aiki, kada ku zuba 'yan haya a ciki.

Na biyu. Burusan nan nawa na gashin wutsiyar kurege na riga na damƙa wa Nighat da hannuna. Kyauta ce, ba gado ba. Shahzeb, kada ka kumbura, me za ka yi da su? Kai da ka zana mawaƙi da yatsun ƙafa, ka zana ɗan wasan kurket da shayi da garin barkono, jama'a na tafi. Burushin kurege kuwa sai ka riƙe numfashi kafin ka ɗiga ɗigo guda, wa zai tsaya kallon wannan?

Ban manta ranar da ka zana mahaifiyarku Kishwar a talabijin ba, ido a ɗaure, ana kaɗa maka ganga. Maƙwabta suka cika tsakar gida suna cewa, "Ustad, ai ɗanka ya shanye ka!" Na ce Allah ya ƙara, na hau sama na yi kuka. Ka sa mata tawadar Allah a kuncin hagu. A dama take. Hoton waya ka haddace, irin wanda ke juya fuska kamar madubi. Haba Shahzeb! Matar da ta shayar da kai.

Na uku. Gabar da ke tsakaninku ta isa haka. Kai kana ce mata 'yar kwafin tsoho, ita tana ce maka mai wasa da biri, har a kan abincin sallah. Nighat, bakinki ya yi kaifi, yayanki ne. Kuma ki sani, hannunsa ya fi nawa, ya fi naki, shi ya sa abin ke cina.

Kada ku ɗauka ni maƙiyin sabon abu ne. Nighat ta zana uwarku ta juya baya tana murza gurasar roti, ba ido ba hanci. Da malamina ya ga wannan, da sai ta sha bulala a yatsu. Amma gwaggonku na shigowa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Kishwar!" Daga sunkuyon kafaɗa ta gane ta. Ni ban koya mata haka ba, daɗewar kallo ce ta ba ta. Irin wannan sabon nake so, ba wanda sai an buga ganga ake ganinsa ba.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni sukuni. Shahzeb, labari ya iso ni cewa ka yi wa masu baje kolin zane na Karachi alkawari: in na mutu za ka ɗebo ƙasar kabarina ka kwaɓa, ka zana ni da ita a gaban masu ɗaukar hoto. Ashe har an soma tambayarka jikin tsoho. Tir! In ka taɓa ƙasar nan ban yafe ba, duniya da lahira. Ban taɓa faɗa maka kalma mai nauyin wannan ba, kuma zuciyata na ƙuna da nake faɗinta.

In fuskata kake so, ga ta nan da raina, shi ya sa na aiko muku da wasiyyar nan tun ban mutu ba. Ka zo ka bar waya a ƙasa, ka rufe ƙofa, ka zauna ka dube ni. Ka zana ni yadda ka ga dama, ko muni ko kyau, muddin ni ka kalla. Nighat, in ya zo ki ara masa burushi, ki dafa masa shayi, kada ki ce uffan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada a ji ku a bakin duniya bayana. Ku riƙe juna, ba ku da kowa sai ku.

Ɗana, ka yi sauri. Yanzu ba na iya daɗewa a zaune.