Fitila Mai Dogon Wuya

Uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa, ya ƙafarki, ya jikoki? Surukarki ke rubuta min. Lafiyata lau, likitan ido ne mai surutu.

Ɗanki ya kafa min fitila mai dogon wuya, ta sunkuyo kan kujerata kamar mai gulma. Wai ta girme shi, har yau ana rububinta. Na ce ba ta da haske. Ya canja ƙwan fitilar, na maimaita, sai ya riƙe hannuna.

An ce za ki kyautar da fitilata ta kananzir. Ban yafe ba! Ita ko a duhu hannuna ya san ta. Ki goge gilashin, ina tafe.

Allah ya sa in ga fuskarki.

Maigidanki