Na amsa wa ɗana tambayar da ba ni aka yi wa ba

Assalamu alaikum, mai shafi da jama'arka. Ina gajiya, ina iyali? Ni tsohuwa ce daga Talata Mafara, ban yi boko ba, wata maƙwabciyata ke rubuta min a waya bayan na sa ta rantse. A ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke min hukunci, don na haifi iyayen wasunku.

Ɗana na fari mahauci ne, kamar ubansa marigayi. Tun yana yaro yake da in'ina mai tsanani. In ya kama kalma sai ya yi zufa kafin ta fito, ni kuwa Allah ya ba ni baki, ko tatsuniya na fara sai matan unguwa su bar tukunya a kan wuta. To sai na zama bakinsa. Ya fara, in ƙarasa. Gaban malamin allo ni ce, wurin neman aurensa ni na shirya abin da za a faɗa, har rigimar gonarmu ta Bakolori ni na tsaya. Wa ya taɓa yi masa dariya ya kwashe lafiya ina raye? A gidanmu ko kalmar in'ina ba a furtawa.

Sai ɗiyarsa, jikata, ta ci jarabawar shiga jami'a, ta ce za ta nemi gurbi a fannin gyaran magana da ji, wai masu kula da kurame da masu in'ina da yaran da bakinsu ya yi nauyi. Na ce, "Ke da ko kunu ba ki iya damawa, harshen mutane za ki gyara?" Muka yi dariya. Amma rannan babanta na ba ni labarin kasuwar shanu, na ƙarasa masa kamar kullum, sai yarinyar nan ta ce, "Tsohuwa, ki bari ya gama da kansa. An ce ƙarasa masu maganar nan na ƙara ɗaure su." Ni! Ni da na goya shi! Har ta ƙara da cewa in an tambaye ta dalilin zaɓen karatun, labarin babanta za ta ba su. Wato a kai ɗana gaban baƙi a kira shi mara lafiya, ni kuma a ce ni ce cutar?

A zuri'armu ɗiya ba ta tafiya wani gari karatu sai babban gida ya ji daga bakin ubanta. Babban namu ƙanen mijina ne, Baffa, yana Maradun. Ya zo, aka shimfiɗa tabarma a zaure, maza sun cika. Ya dubi ɗana ya ce, "Kai, mi kac ce? Ka yarda ta tai?" Ɗana ya fara, "Na... na... na..." Wallahi na san "na yarda" zai ce, na gani a idonsa. Daga bayan ƙofa na ɗaga murya na ce, "Cewa yake bai yarda ba." Baffa ya ce, "To, magana ta ƙare," aka shafa fatiha. Ɗana bai ƙaryata uwarsa gaban mutane ba, ya sunkuyar da kai kawai.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma ku da za ku zage ni, ina kuke lokacin da yara ke kwaikwayonsa a bakin rijiya ina bin su da muciya? Littafi ne ya share masa hawaye?

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yarinyar ta ɗauka ubanta ne ya kashe mata karatu. Ta daina kai masa ruwan alwala, gaisuwa ma daga nesa. Ga shi an ce ƙarshen watan nan za a rufe neman gurbin. Shekaranjiya ya kawo min tsokar naman da ya saba, ya tsuguna, ya fara magana. Na buɗe baki in taimaka, ya ɗaga min hannu. Bai taɓa yi ba. Na zauna ina kallonsa yana fama, har ya fitar da ita shi kaɗai: "Inna, ba haka zan ce ba." Ya tashi ya fita.

In na je Maradun na ce ƙarya na yi, Baffa ba zai sake karɓar magana daga bakina ba har in mutu. In na bar ɗana ya je da kansa, shi zai tona uwarsa, kuma na san ba zai iya ba. In na yi shiru, ɗiya ta rasa karatu, uba ya rasa ɗiya.

Kada wanda ya ce in durƙusa wa jikata, wannan kam ba za a gani ba. Ban da wannan, ku faɗa min, me zan yi?