Shaidar Abban Ilham

Lanham, Maryland
Agusta, 2015

Ƙawata Chundung,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida Davou da yara. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da aiki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Hajiya Rakia mai sayar da atamfa ce za ta gida na ba ta, don maigidana Abban Ilham ya hana mu doguwar hira a waya kwanan nan.

Kin tuna Dakta Meilan, abokiyar aikinsa 'yar asalin China, wadda ta ci dambu a gidana lokacin da kika zo, yaji na sa ta hawaye amma ta ƙi ajiye cokali? To an kama ta. Jami'an gwamnatin tarayya ta nan ne suka je gidanta a Annandale suka sa mata ankwa a gaban 'yarta. Kin san kamfaninsu na inganta iri ne, kuma sun daɗe suna fama da wata dawa da ƙuduji ba ya iya kashewa. An duba ɗakin sanyin da ake ajiye irin, aka ga ya ragu. A watan da ya ragu ne kuma ta je China duba mahaifiyarta, shi ke nan aka haɗa lissafi. Wai ta sace wa gwamnatin can ne, laifin da ke kai mutum shekaru a kurkuku.

Su uku ke da makullin ɗakin: ita, da Abban Ilham, da wani Bature Gregory. Kwamfutarta kaɗai aka ɗauka. Matar kuwa ta riga mu zama 'yar ƙasar nan. Mutanensu na ta ƙorafin cewa duk masanin da ya fito daga can an mayar da shi ɗan leƙen asiri. A masallacinmu kuwa ba wanda ya ɗaga murya, kowa na hamdala a ransa cewa wannan karon ba mu ba ne. Ni dai kallo nake yi.

An ba da belinta. An ce Abban Ilham zai ba da shaida cewa tana shiga ɗakin ita kaɗai. Tun ranar ya daina cin abincin kirki, mutumin da kika sani ba ya barin tuwo ya kwana.

Na gode da ɗawainiyar saƙo. Ina fatan Davou ya kai wa Baba, mahaifin Abban Ilham, nasa ƙullin Jengre.

Ki gaida kowa.
Taki,
Sailuba


Lanham
Nuwamba, 2015

Chundung tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya sanyin Jos? Ilham na gaishe ki, da Turanci kamar kullum.

Amsarki ta zo, har da hoton Baba a gona. Kika ce dawar da ya shuka daga ƙullin nan ta tsaya cak, gonakin maƙwabta kuwa ƙuduji ya cinye su. Kika ce mutane na ta zuwa roƙon iri, shi kuma yana ta auna musu. Kin rubuto ne don ki faranta mini, na sani. Ina karantawa na gane inda irin kamfanin nan da ya ragu ya tafi.

Ni atamfa da man zafi na san na ba ki. Ƙullin kuwa Abban Ilham ne ya ɗaure shi da hannunsa, ban tambaya ba, ke ma ba ki buɗe ba, don a wurinmu wa ke buɗe saƙon wani?

Na ajiye masa hoton a kan tebur. Bai yi musu ba. Ya ce shekara nawa yana jin Baba na kukan ƙuduji a waya, ga magani a gabansa cikin firij. Cikin tafin hannu ɗaya ya ɗiba. A Jengre ya tashi, inda ko wanda ba ku ga-maciji ya zo neman iri sai ka ba shi, kuma har ya yi digirin digirgir bai taɓa jin a jikinsa cewa ƙwayar dawa na da mai ita ba. Takardun da ya sa wa hannu ranar ɗaukar aiki ya san da su sarai. Kansa ya sani, hannunsa ne bai yarda ba.

Ban yi masa faɗa a kan irin ba, ni ma 'yar manomi ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne zai tsaya a kotu ya nuna matar da ta ci abinci a gidana. Ya ce in tuna Ilham, in tuna abin da ake yi wa mai suna irin nasa, Misbahu, idan ya shiga hannun waɗannan mutane. Na tuna, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Amma na gaya masa ranar da ya ba da wannan shaida zan ci gaba da dafa masa abinci, sai dai ba zan sake bin shi salla ba.

Ya yi kwanaki ba ya mini magana. Jiya na ji shi yana neman lambar lauya.

Kada ki gaya wa Baba komai. Ki taya mu da addu'a a cocinku, mu ma muna yi.

Taki har kullum,
Sailuba


Lanham
Afrilu, 2016

Ƙawata,

Ina gaisuwa. Ya hidima, ya Davou da yara? Ki yi haƙuri da shiruna.

An gama. Abban Ilham ya je wurin jami'an da lauya ya faɗi komai. Na haɗa masa kaya a jaka, ina zaton ba zai dawo ba, sai ga shi kafin la'asar. Sun tambaye shi ko gwamnatin Najeriya ce ta aiko shi, da ya ce tsoho ne mai garma ɗaya, ɗayansu har murmushi ya yi. Kamfani ya kore shi, kotu ta ci shi tara, an hana shi aikin iri. Yanzu yana koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a Springfield. Tafin hannun da ya zama leƙen asiri a wurin Dakta Meilan, a wurinsa sun kira shi rashin tunani. Na ji daɗi, Chundung, kuma ina jin kunyar daɗin da na ji.

Ita kuwa an janye ƙara, a takarda mai layi biyu, ba ko ban haƙuri. Jaridun da suka buga hotonta da ankwa ba su waiwaye ta ba. Kamfani bai mayar da ita ba, wani wurin ma ba ya amsa ta. Mahaifiyarta ta rasu a lokacin da fasfonta ke hannun hukuma.

Abban Ilham ya ce sai ya nemi gafararta irin ta gida. Ya ɗauki Alhaji Dabo, dattijonmu na nan, ya sa babbar riga, ni kuma na bi su. A bakin ƙofa ta tsaya, kwalaye jibge a bayanta, don ta sayar da gidan. Alhaji ya yi jawabinsa mai kyau a kan haƙuri da ƙaddara, irin wanda a wurinmu ba a ƙi. Ta saurara har ya gama. Ba ta yi maganar iri ba, ba ta yi maganar aiki ba. Abu ɗaya ta tambayi Abban Ilham, wato yaushe ya gane cewa saboda abin da ya ɗiba aka kama ta.

Alhaji ya taka masa ƙafa, amma Abban Ilham ya faɗi gaskiya, cewa tun ranar da aka sa mata ankwa.

Ta gyaɗa kai, ta gaishe ni da sunana, ta tambayi Ilham, sannan ta rufe ƙofar a hankali. Mun daɗe a tsaye a wurin, Alhaji na riƙe da hularsa, kafin muka koma mota.

Ki gaida Mama da kyau.

Taki,
Sailuba